Zartsi a Rijiyar Jecha

Wata mata, Bi Mwatima, ita ce ta fara kai guga baki ranar Talata da sassafe. Ta kurɓa, ta furzar, ta sake jefa gugan don ba ta yarda da harshenta ba. Na biyun ya fi na farko muni. Kafin rana ta ɗaga duk mai ƙafa a ƙauyenmu ya iso bakin Rijiyar Jecha, kuma kowa sai ya ɗanɗana da kansa ya tofar, kamar harshen maƙwabcinsa maƙaryaci ne. Rijiyar da take shayar da mu tun zamanin kakana, wadda ko a shekarun fari ba ta taɓa sauya ɗanɗano ba, ta wayi gari zartsi.

A tsibirinmu na Kidumbwe ba kogi ba tafki. Rijiyoyi bakwai ne, biyar sai wanki, biyu ake sha: tamu, da Rijiyar Tudu can arewa, tafiyar sa'a ɗaya da rabi a kan dutse mai yanka ƙafa. Don haka ba wanda ya tsaya faɗin ikon Allah ne. Ruwa ba ya tsami banza, in ji mutane, sai suka shiga kallon juna.

Ba a daɗe ana kallon ba idanu suka tsaya a kan Silima. Shi mutumin babban yanki ne can ƙetaren teku, ya zo mana shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya auri Tatu 'yar garinmu, ta rasu ta bar masa 'yan mata uku. Yana da sa da amalanke, yana kai wa tsofaffi da masu jego ruwa jarka ɗaya shilin ɗari uku, yana kuma shanya kifi da gishiri. Babban laifinsa shi ne ya ɗauko wa Injiniya Raya kayanta a amalankensa.

Mako biyu kafin nan wannan Raya ta zo daga ofishin ruwa na babban tsibiri, wai za a raba rijiyoyinmu aji-aji. Ta tara mu a gindin mangwaro ta ce ruwan daɗi a ƙarƙashin tsibiri yana zaune ne a kan na gishiri yadda mai yake zama a kan miya, wani wuri da kauri, wani wuri ɗan kaɗan. Mai kauri za a shafa wa rijiyarsa koren fenti, har injin ana iya sa mata. Matsakaici rawaya, guga kawai. Mara kauri kuwa ja, a rufe ta wata huɗu duk rani ta huta. Rijiyar Tudu ta sami kore, da alkawarin tanki. Da ta zura igiyar awonta a tamu sai ta girgiza kai, ta ce ruwan daɗin bai kai kamu biyu ba, da alama ja ce, amma za ta dawo ta sake awo kafin a shafa komai.

Lissafin mutane bai yi wuya ba. In Rijiyar Jecha ta mutu, wa zai ci riba in ba mai amalanke ba? Ga shi yana da gishiri buhu-buhu. Ga shi ranar Litinin, da aka buɗe mana gaɓar kamun pweza, dabbar tekun nan mai hannu takwas, bayan wata uku a rufe, gari ya watse kaf zuwa teku har da masu sanda, shi kaɗai bai je ba don bai iya iyo ba.

Sheha Vuai, mai garinmu, mutum ne mai son zaman lafiya, musamman tasa. Da hayaniya ta yi yawa sai ya yanke cewa jirgi na zuwa ranar Juma'a, in ba a sami wani mai laifin ba kafin nan, Silima zai bi shi. Dangin Tatu suka ce ya tafi shi kaɗai, 'ya'yan jinin tsibiri ne, ba inda za su. Sannan Sheha ya aika a kira mijina.

Mijina Pandu mai bin sawu ne. Akuyar da ta ɓace, saniyar da aka kora, ɓarawon kanumfari har can Pemba, shi ake nema. Nutso a teku tun yana saurayi ya cinye masa kunne, sai an kai baki kusa an ɗaga murya. Shi ya sa ba ya fita aiki sai da ni. Shi ne ido, ni ce kunne, baki kuwa dama nawa ne tun kafin ya kurmance.

Ni Mboja jikar Jecha ce, wanda ya haƙa rijiyar. Mai tsaronta yanzu Kawu Faki ne, wan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina shekara huɗu da ta rasu. A safiyar nan yana zaune a kan dutsen bakin rijiya, hularsa a gwiwa, mata suna wucewa suna yi masa jaje kamar an yi masa rasuwa. Da na gan shi haka zuciyata ta tafasa. Ba zan ɓoye ba, ni ma a ranar da an ba ni wuƙa da Silima bai kai Juma'a ba.

*

Bakin rijiya ba abin karantawa, ƙafa ɗari uku ta tattake shi. Pandu ya yi tsaki, ya faɗaɗa zagayensa, yana tafe a sunkuye hannu a baya. Can ya tsaya a kan hanyar amalanke ya daɗe, sannan muka wuce gidan Silima.

Mun same shi a tsakar gida yana gyara wa sansa igiya, 'yan matan suna leƙe ta labule. Buhunan gishiri uku na rataye a katanga, ba ko ƙwaya a ciki. Na nuna su da haɓa. Ya ce na kifin watan jiya ne, in ina so in je in ƙirga kifin a rumfa. Na tambaye shi ranar Litinin. Ya ce ya je rijiya da hantsi bayan gari ya watse, ya cika jarka goma sha biyu, ruwa garau, har ya sha a hannunsa.

Na isar wa Pandu a kunne. Ya ɗaga yatsu biyu.

"Sau biyu ka je," in ji shi. Muryarsa kullum da ƙarfi take fita, don ba ya jin kansa. "Na biyun ka juya tun saura taku arba'in. Jarkokinka ba komai a ciki, sawun tayar bai nutse ba. Me ya mai da kai?"

Silima ya ce sa ne ya ƙi gaba.

Na ce masa wannan san da ko bulala bai sani ba, yau shi ne mai gardama? Na ce ya nemi wata ƙaryar, wannan ta yi masa kaɗan. Ya dube ni dai, duban da ya daɗe har na ji ba daɗi, sannan ya koma kan igiyarsa.

A hanya na ce wa Pandu an gama, ga gishiri ga ƙarya. Ya ce in an zuba gishiri a tulu, a zubar da ruwan a sake wani, sai ya koma daɗi, to a kwashe rijiyar a gani. Da azahar maza ashirin suka yi layi da guga. A da, in za a yi yasa, mutum goma kan kai ta ƙasa kafin la'asar. Ranar nan har rana ta yi ja ba su rage ta da ko taƙi ɗaya ba, kuma da teku ta ciko sai ruwan ya ƙara hawa, ya ƙara ɗaci. Wani ya ce a shiga a duba gindin. Kawu ya ɗago kai a karo na farko ya ce ba a taɓa yi ba, ba mai shiga rijiyar nan sai namijin gidan Jecha, shi kuma ƙafarsa ba ta ba shi dama a kwanakin nan. Ba wanda ya ja da shi.

Na ɗauka wannan zai wanke Silima daga zancen gishiri. Ina. Mutane suka ce to wani abin ya jefa, baƙo ba ya rasa abin da ya zo da shi daga garinsu.

*

Ranar Laraba Sheha ya hau tudun da waya ke kamawa ya sami Injiniya Raya. Ta ce buhu uku ba za su yi wannan aikin ba ko an zuba, kuma ba za ta iya ƙetarowa ba sai Asabar. Ta ce a bincika ko wani ya sa injin ya ja ruwa da yawa, ko ya yi haƙa a kusa. Injin dai babu ko ɗaya a tsibirin. Amma da aka ambaci haƙa sai Bi Mwatima ta tuna ta hango Shaame, mutumin unguwar Tudu, ranar Lahadi da dagi a kafaɗa. Wani ya ƙara da cewa shi ma ba a gan shi a gaɓa ranar Litinin ba sai can da yamma.

Wannan ya yi mini daɗi a kunne. Tsakaninmu da mutanen Tudu dama ba a cika shan inuwa ɗaya ba, kuma tun da aka yi musu alkawarin tanki suke tafiya kamar su suka yi ruwan. Shaame ne bakinsu. In rijiyarmu ta mutu, har abada mu ne masu zuwa roƙo ƙofarsu.

Muka taka dutsen nan har arewa. Shaame ya tarbe mu da gahawa da fara'ar da ta wuce kima. Ya rantse dagin na gyaran shinge ne, ranar Litinin kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Pandu bai saurari ko kalma ba, dama ba zai ji ba, ƙafafun mutumin yake kallo. Muna fita ya zagaya bayan gida, ya kama wata 'yar hanya cikin ƙaya, mu biyu muna binsa, Shaame yana ta cewa ba komai can sai macizai. Hanci ne ya riga ido isa. A wani kogo muka tarar da pweza a shanye kan sanduna, sun fi sittin, sun bushe ƙayau, busawar da ba ta kwana biyu ba ce.

Ashe duk wata ukun da muka ɗaure ciki muka bar gaɓa ta huta, shi yana zuwa da dagi yana ɓanɓare duwatsu yana kwasa. Ranar Litinin yana nan yana shirya su ne don ya fito da su a ce kamun ranar ne.

Na ce masa, "Sannu da zazzaɓi, Shaame. Allah ya ƙara sauƙi."

Ya riƙe gefen zanena yana roƙo kada Sheha ya ji. Na ce sai na ga yadda na kwana. Pandu ya karɓi dagin nasa, ya juya bakinsa ya duba, ya shinshina, ya mayar masa. Ɓarawo dai mun kama, amma ba namu ba.

Da muka dawo na ga babbar 'yar Silima a ƙofar gidansu tana ninke rigunan ubanta tana sawa a buhu, fuska a bushe, ba kuka. Na kau da kai na wuce da sauri.

*

Safiyar Alhamis Pandu bai je ko'ina ba. Ya sami inuwa nesa da rijiya ya zauna yana kallon awaki. Na ba shi rabin sa'a, sannan na kai baki kunnensa na ce gobe Juma'a, in kiwo yake sha'awa sai ya bari a gama.

Ya nuna da sandarsa. Wata akuya tana lasar dutse. Ta matsa taku uku ta lashi wani. Bayanta wasu biyu suna yin haka, duk a layi ɗaya, kamar an shimfiɗa musu igiya. Ya tashi ya tsuguna, ya goga yatsa a inda ba su kai ba, ya nuna mini ɗan farin tabo. Ya ce wani ya ɗauki kwando mai ɗigar ruwan gishiri ta nan, rana ta busar da ɗigon, awaki suka gane kafin mu.

Muka bi layin. Ya bar hanyar gari, ya bar hanyar teku wadda ba ta fi taku ɗari ba, ya hau ta cikin rogo. Inda ƙasa ta yi laushi Pandu ya tsaya ya karanta mini: mutum ɗaya ne, ba takalmi, ya yi sawu biyar da kaya mai nauyi, yana hutawa sau biyu kowane zuwa, yana tausaya wa ƙafar hagu. Tun daga gonar rogo na san inda hanyar ta nufa.

A maƙabarta ta ƙare, gindin kuka, wajen ƙafar kabarin kakana Jecha. An tara wani abu an rufe da ganyen kwakwa da ya soma yaushi. Pandu ya ɗage ganyen. Laka ce fara, da gutsattsarin wani baƙin dutse mai kaurin tafin hannu, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya ɗauki ɗaya ya nuna mini inda bakin ƙarfe ya sare shi.

"Gindin rijiya ne," in ji shi. "An fasa shi. Abin da ban gane ba, mai ɓoye ɓarna teku zai zuba wa wannan, ga ta nan kusa, ta cinye. Me ya kawo shi nan har sau biyar da ciwon ƙafa?"

Ni na gane. A gidanmu abin da ya fito daga Rijiyar Jecha ba a zubar da shi. Duk yasar da aka yi, bayan masu taimako sun watse, mai tsaro yakan ɗauki lakar shi kaɗai ya kai ta wajen ƙafar wanda ya haƙa, ya rufe da ganyen kwakwa. Ba a yin shi a gaban jama'a, ba a kuma zancensa. Ina 'yar shekara tara na taɓa bin Kawu ina riƙe masa ganyen. A ranar ya gaya mini ɗaya dokar, cewa da hannu da ƙoƙon kwakwa ake yasa, ƙarfe ba ya taɓa gindin rijiyar nan. Masu rai da suka san wannan mu uku ne, ni, da shi, da ɗansa da ke aiki a Maskat.

Na zauna a ƙasa. Na jawo kan Pandu na gaya masa duka, sannan na ce mu mayar da ganyen mu tafi, ba wanda ya gan mu. Ya ce bai ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Ya ce har yanzu bai ji ba. Shekara talatin da ɗaya ina tare da mutumin nan, na san lokacin da kunnensa ne da lokacin da shi ne.

Ya cika kwando da gutsattsarin, ya ce shi dutse zai nuna wa Sheha da la'asar, don shi ya gani. Abin da dutsen yake nufi kuwa ba sawu ba ne, ba zai iya karanta shi ba, wannan nawa ne.

*

Na sami Kawu a zaure yana murza igiyar kwakwa a cinya. Na gaishe shi, na zauna inda na saba zama tun ina ƙarama, na ce daga wajen Kaka nake.

Hannunsa ya tsaya, sannan ya ci gaba da murza.

Na roƙe shi ya je wurin Sheha da ƙafarsa kafin la'asar. Na ce tsoho ne shi, kowa ya san ba mugunta ba ce, za a yi surutu a gaji. Na ce akwai yara uku da ake shirin raba su da ubansu.

"Silima baƙo ne, Mboja," ya ce, bai ɗago ba. "Duk inda ya sauka zai sami gari. Ni ina za ni?"

Ya tambaye ni wa ya goya ni da ƙyanda ta kama ni, wa ya sayar da kwalekwalensa ya yi mini kayan ɗaki. Ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Duk gaskiya ya faɗa, ba ko ɗaya da zan musa. Na tashi na fito. Ina son tsohon nan fiye da yadda na so uban da ya haife ni, kuma a ranar na ji kunyarsa da tsoronsa a lokaci ɗaya.

*

Bayan la'asar gari ya taru a gindin mangwaro. Silima na gefe guda a tsaye, ba wanda ya matsa masa wuri a tabarma. Shaame ya zo daga Tudu ya lafe a baya yana satar kallona. Kawu na kusa da Sheha a kujerarsa ta kullum.

Pandu ya juye kwandon a tsakiya, warin ya sa na gaba suka toshe hanci. Ya yi bayani gajere. Ba a zuba komai a rijiya ba. Ƙarƙashinta akwai wannan baƙin dutsen da ya raba ruwanmu da na teku, an fasa shi da dagi ranar Litinin da teku ta janye ƙwarai, lokacin da ruwan rijiyar bai wuce gwiwa ba. Dagin ba na Shaame ba ne, bakinsa ya fi wannan saran faɗi. Wanda ya yi ya kwashe abin da ya fasa ya kai kan kabarin Jecha.

Nan da nan wuri ya ɗauki guna-guni. Wani daga dangin Tatu ya ce kun ji ko, bai tsaya kan rijiya ba har kabari ya je ya wulaƙanta, wane ɗan tsibiri ne zai yi haka? Mutane suka soma miƙewa. Sheha yana ɗaga hannu ba mai kallonsa. Ƙaramar 'yar Silima ta ruƙunƙume ƙafar ubanta.

Pandu bai ji abin da ake faɗa ba, amma ya ga inda ake dosa. Ya juyo ya dube ni.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ce a saurara, ni jikar mai kabarin ce. Na faɗi al'adar gidanmu, wadda ba a taɓa faɗa a fili ba, tun daga lakar har ganyen kwakwa. Na ce baƙo bai san ta ba, da baƙo ne da teku ya zuba wa. Wanda ya yi wannan ya iya karya babbar doka, amma hannunsa bai iya zubar da lakar ubansa ba. Ban ambaci suna ba. Ba a buƙata, don duk kawuna sun riga sun juya.

Kawu ya daɗe yana kallon duwatsun. Da ya buɗe baki, da Sheha ya yi magana, ba da ni ba.

"Yarinyar nan injiniya ta ce ruwan bai kai kamu biyu ba. Za ta shafa wa rijiyar ubana ja, ta Tudu kore, a rufe mu kamar masu kuturta, matanmu su riƙa bin layi a ƙofar Shaame. Na ce in ƙara mata kamu ɗaya kafin ta dawo da igiyarta. A ko'ina rijiya in ta yi ƙaranci ƙara mata zurfi ake yi. Dokar ƙarfe kuwa na ɗauka tsoron aljanu ne irin na mutanen da." "A sara na bakwai dutsen ya buɗe. Na ji ruwa mai sanyi ya taso mini ta tsakanin ƙafafu, na san na kashe ta."

Garin neman gira an rasa ido, kuma idon na gari ne duka. Mutanen da ɗazu suke neman cin Silima ɗanye suka rasa inda za su ajiye fushinsu, don ba a san yadda ake zagin Kawu ba, wanda gari ke kira Mzee Faki, wato dattijo, shi ya raɗa wa rabinsu suna.

Sheha ya yi gyaran murya ya tambayi Silima abin da ya juyar da amalankensa ranar Litinin.

Ya ce ya hango takalman Mzee Faki a bakin rijiya, ya kuma ji ƙarar ƙarfe daga ciki. Ya ɗauka wani aikin gidan ne da bai kamata baƙo ya gani ba, sai ya juya.

Sheha ya ce to me ya hana shi faɗa tun ranar Talata, har ya bari ana ɗaure masa kaya?

"Wa zan gaya wa?" in ji Silima. Ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya har ya iso kaina. "Bi Mboja, ke kika zo gidana. Da na faɗa miki ranar nan, da kin yarda?"

Ya ɗauki ƙaramar 'yarsa, manyan biyu suka bi shi, aka buɗe musu hanya.

*

Jirgin Juma'a ya zo ya koma da buhunan pweza, ba da mutum ba. Ranar Asabar Injiniya Raya ta iso, ta leƙa, ta zura igiyarta, ta zauna a kan dutse ta dafe kai. Daga baya an kawo siminti an toshe ramin. Ta ce a bar ta ta sha damina biyar ko shida a gani, wataƙila ta dawo, wataƙila ba za ta dawo ba. Yanzu damina huɗu ke nan, duk shekara nakan ɗanɗana, har yau sai wanki.

Ba a kori Kawu ba, ba wanda ya ko kawo zancen. Ba kuma wanda ya je ya ba Silima haƙuri a fili. Ni na je da tukunyar rogo da kwakwa, ya karɓa ya yi godiya a bakin ƙofa, bai ce in shiga ba. Kowace safiya muna jin amalankensa yana tafiya Tudu, kuma bai ƙara ko shilin ɗaya a kan kuɗin jarka ba, abin da ya fi zagi ciwo ga waɗanda suka ce riba yake nema.

Kawu ya ƙara wata goma sha huɗu a duniya. Kullum ina kai masa abinci, kullum sai wata ta karɓa daga hannuna ta miƙa masa sannan ya ci. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Ko a ciwon ajalinsa, da na kai masa kofi baki, juyar da kai ya yi. Har yau ban yi nadamar tashin da na yi ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ranar da ya rasu ba ruwan daɗi a gidan da zai isa wanka. Muna cikin shawarar wa za a aika Tudu sai muka ji tayar amalanke ta tsaya a ƙofa. Silima ya sauke jarka shida ya jera su a jikin bango. Na fito da kuɗi a hannu, ya ce in mayar, wannan ba na sayarwa ba ne. Na ce to ya shigo ya zauna cikin maza, ana karɓar gaisuwa.

Ya ce sansa bai sha ruwa ba tukuna. Ya ja igiya ya tafi.